Shagon da ya gyara mini madogara da manazarta a Ayeduase

Shago ne ɗan ƙarami a unguwar Ayeduase da ke Kumasi, ƙasar Ghana, cikin jerin shagunan buga takardu da ɗaure kundi da ke kusa da ƙofar KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha, ta ɓangaren unguwar. Kwamfuta biyu ne a ciki, da firinta, da benci ɗaya na masu jira. Mai shi saurayi ne ɗan Asawase wanda ya karanta lissafi, kuma tunda bai ce in yi masa talla ba, ba zan kama sunansa ko na shagon ba. Abin da ya raba shi da maƙwabtansa shi ne yana tsara kundin digiri da LaTeX, wata manhajar tsara rubutu da shafuka, yana kuma ɗaukar aikin madogara da manazarta, wato ambaton wanda ka kafa hujja da shi a cikin rubutu da jerin ayyukan da ke ƙarshen kundi, da muhimmanci irin wanda ban gani a wani shago ba a Kumasi. Na kai masa kundina, na biya, na gamsu da mafi yawan aikin. Akwai kuma inda ya gaza, zan faɗe shi.

Ni malama ce a wata makarantar firamare ta Musulunci a Aboabo. Kundin digirina na biyu a fannin ilimi yake, a kan yadda makarantun allo na zangon Kumasi suka riƙa shiga tsarin gwamnati, musamman bayan da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987. Saboda haka abubuwan da na dogara da su gauraye suke: muƙalun mujallu na Turanci, rahotannin gwamnati, littattafan Larabci, waƙoƙin ajami, ayoyin Alƙur'ani, da hirarrakin da na yi da dattawan malamai. Sun haura ɗari. Duk wanda ya taɓa jera irin wannan da hannu ya san yadda waƙafi da aya suke cinye dare.

Kafin ya buɗe fayil ɗina ya tambaye ni: "Malama, wane salo sashenku ya ce a bi, kuma bugu na nawa?" Na ce APA, wato salon rubuta madogara na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ya ce bai isa ba, in kawo masa takardar ƙa'idojin rubuta kundi ta makarantarmu ya gani da idonsa. Da na kawo, sai ya nuna mini dalilinsa. Bugu na 7 na APA ya fito a watan Oktoba na 2019, kuma ya sauya abubuwa da dama daga bugu na 6. A da, idan marubuta uku zuwa biyar ne, sai ka jero sunayensu duka a karon farko da ka ambace su a cikin rubutu. Yanzu daga uku zuwa sama sunan na farko kawai ake sa wa, a bi shi da et al., wato "da sauransu", tun daga farko. A da ana rubuta garin da aka buga littafi, yanzu an daina. A da sunaye bakwai ne iyaka a jerin manazarta, yanzu har ashirin. Ɗalibai da yawa suna kwaikwayon tsohon kundin da suka samu a laburare, ba su san da wane bugu aka rubuta shi ba, sai a wayi gari rabin aikinsu na 6 ne rabi na 7. Wannan tambaya tasa kaɗai ta sa na saki jiki da shi.

Ina zaune wata ɗaliba ta shigo ta ce an ce mata ta bi Harvard. Ya ce mata, cikin ladabi, Harvard ba shi da littafin ƙa'ida guda ɗaya da kowa ke komawa gare shi kamar APA ko Chicago. Suna ne da ake kiran tsarin sa sunan marubuci da shekara, kuma kowace jami'a da irin nata: wata tana sa shekara cikin baka, wata ba ta sawa, wata tana son sunan mahaifi da manyan haruffa. Ya tura ta ta karɓo samfuri daga hannun malamin da ke duba aikinta. Ya san kuma abin da kowane fanni ya saba da shi. 'Yan injiniya suna bin IEEE, inda ake sa lamba cikin baka mai kusurwa, a jera manazarta bisa yadda suka fito a rubutun. 'Yan likitanci da jinya suna bin Vancouver, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallun likitanci a birnin Vancouver na Kanada a 1978. Masu tarihi sun fi son Chicago mai bayani a gindin shafi. Amma bai taɓa zaɓar wa mutum salo ba, ko da an roƙe shi. Cewa yake yi wannan hukuncin sashe ne ko na mujalla.

Yadda yake aikin shi ne abin da na fi so. Ba ya taɓa jerin manazartan da ka buga da hannu don ya gyara waƙafi ɗaya bayan ɗaya. Kowane littafi ko muƙala sai ya shigar da shi Zotero, manhajar kyauta da aka fara fitarwa a 2006 daga jami'ar George Mason ta Amurka: marubuci a gurbinsa, shekara a gurbinta, take, mujalla, shafuka. Daga nan ya fitar da su duka cikin fayil ɗaya mai ƙarshen .bib. A cikin kundin kuwa, duk inda zan kafa hujja da wani, ɗan gajeren laƙabi kawai ake sawa, LaTeX ce za ta rubuta sunan da shekarar, ta kuma gina jerin da ke ƙarshe. Kamar tela ne da ya ajiye awonka a littafinsa: da awo ɗaya zai ɗinka maka kaftani yau, gobe jallabiya, ba sai ya sake auna ka ba. Amfanin farko da na gani shi ne ba zai yiwu a ambaci wani a cikin rubutu a rasa shi a manazarta ba, ko a same shi a manazarta alhali ba a ambace shi ba. Masu jarrabawa na waje a nan suke fara kama ɗalibi.

Inda ya burge ni ƙwarai shi ne sunayenmu. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan sunan Bature: sunan yanka a gaba, sunan iyali a baya. BibTeX, manhajar da ke jera wa LaTeX manazarta, wadda Oren Patashnik ya rubuta a 1985, tana ɗaukar kalmar ƙarshe a matsayin sunan iyali, ta taƙaita sauran zuwa harafi. Ka ba ta Usmanu ɗan Fodiyo, sai ta jera Shehu a ƙarƙashin Fodiyo, alhali Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne. Ka ba ta Nana Asma'u, sai ta mayar da Nana harafin N, kamar sunan yanka ne. Mu da ke zaune a ƙasar Asante mun san Nana a bakin maƙwabtanmu ma girmamawa ce ta sarakuna da dattawa. Haka Alhaji da Malam da Shehu: in ba a kula ba sai su koma A da M da S a gaban sunan mutum. Shi mai shagon yana rufe irin waɗannan sunaye gaba ɗaya cikin baka mai lanƙwasa, don na'ura ta bar su yadda suke, sannan ya gaya mata a ƙarƙashin wane harafi za ta jera su. Sunayen Larabci masu farawa da al- ma haka ya yi musu. Al-Ghazali ya tafi ƙarƙashin G, kamar yadda Chicago ta tanada, ba a tara malaman Larabci duka a ƙarƙashin A ba.

Sunayen hukumomi ma suna faɗawa wannan rami. Na yi amfani da rahoton ƙidayar jama'a ta 2021, wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa, Ghana Statistical Service, ta fitar. In aka bar na'ura da son ranta, sai ka ga an rubuta Service, G. S., kamar wani mutum ne mai suna Service. Ya nuna mini irin wannan a wani kundi da aka riga aka ɗaure, ba wanda ya lura.

Sai matsalar da ta fi yawa a wurinmu: mutum ɗaya, suna iri uku. Marubuci ɗan zango zai buga muƙala a matsayin Abdul-Rahman, wata mujallar ta rubuta Abdulrahman, wata Abdul Rahaman. Na'ura za ta ɗauke su mutum uku. Ya zauna da ni muka bi su ɗaya ɗaya, muna duba yadda aka buga sunan a kan kowace takarda, don ƙa'ida ita ce a rubuta shi yadda ya fito a aikin da aka karanta. A ɗaya gefen kuma akwai mutum biyu masu suna ɗaya. Ghana cike take da Mensah da Boateng da Mohammed, kuma Kwame da Kofi da Kwaku duk K ne idan aka taƙaita. APA ta ce a ƙara harafin farko a cikin rubutu don a bambanta marubuta masu sunan iyali ɗaya, in harafin ma ya zo ɗaya kuma ana gudun ruɗani a rubuta sunan a cike. Da hannu, da wuya ka tuna da wannan a shafi na tamanin. Biblatex, sabuwar hanyar jera manazarta a LaTeX, wadda Philipp Lehman ya fara fitarwa a 2006, tana yi da kanta.

Saboda haruffanmu ne ma ya ƙi amfani da tsohuwar BibTeX. Ya ce ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, ba ta kuma san ɛ da ɔ na Twi ba. Idan sunan marubuci ya fara da Ɗ, kamar Ɗanjuma, ta zo taƙaita shi sai ta yanke harafin biyu, aikin ya tsaya cak. Shi ya sa yake haɗa biblatex da Biber, manhajar da ta maye gurbin BibTeX, wadda ta san haruffan harsunan duniya, yake kuma fitar da kundin da XeLaTeX, nau'in LaTeX da ke karɓar irin waɗannan haruffa. Ya gargaɗe ni da wani abu da ban taɓa ji ba: idan nau'in rubutun da aka zaɓa ba shi da harafi mai ƙugiya, harafin na iya ɓacewa daga shafin ba tare da aikin ya tsaya ba, sai "ƙasa" ta koma "asa". Don haka ya gwada haruffan duka kafin ya fara, ya kuma ce ga wanda sashensu bai ƙayyade nau'in rubutu ba, Charis SIL da Gentium suna da su cif. Taken waƙoƙin Hausa da na ambata sun fito da ƙugiyoyinsu, na duba su da kaina.

Wani ɗan abu kuma: APA tana son taken muƙala da ƙananan haruffa in ban da kalmar farko da sunaye. Na'ura ba ta san Kumasi suna ba ne, ko Asante, ko Islam. In ba a kāre su ba sai ta ƙanƙantar da su. Ya bi takardun nawa ya kāre kowanne.

Yanzu ga inda ya gaza. Da muka zo kan abin da ba littafi ba ne ba kuma muƙala ba, sai ilminsa ya yi ƙasa. Na kafa hujja da wasu waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya koma Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a 1934. Akwai kwafin rubuce-rubucensa cikin tarin rubutun Larabci na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon. Mai shagon ya shigar da su kamar littattafan da aka buga, na'ura ta shiga neman kamfanin ɗab'i, ta sa alamar babu shekara, lambar da cibiyar ta ba kowane rubutu kuma ta ɓace. Ga mai bincike, lambar nan ita ce komai, da ita wani zai je ya nemo takardar. Sai da na zaunar da shi na bayyana masa bambancin wanda ya tsara waƙa da wanda ya kwafe ta, da cewa shekarar da ke ƙarshen rubutun ta Hijira ce kuma sau da yawa ta mai kwafi ce. Ya saurara, ya gyara, amma ni na koya masa, kuma ɗalibin da bai san wannan ba haka zai tafi da kuskuren.

Hirarraki ma sun ba mu aiki. Ya so ya zuba sunayen dattawan da na yi hira da su cikin manazarta, don a ganinsa hakan girmamawa ce. Niyyarsa mai kyau ce, amma APA ba ta yarda ba: maganar da mai karatu ba zai iya komawa ya samo ba a cikin rubutu kawai ake ambatonta, waɗanda kuma suka shiga bincikenka a matsayin masu ba da bayani ba a jera su a manazarta, balle ma wasunsu na yi musu alkawarin ɓoye suna. A gaskiya ni kaina wannan ƙa'ida tana ci mini rai. Dattijon da ya shekara hamsin yana karantarwa a zaure ya fi wasu muƙalun da na jera sanin tarihin makarantun nan, amma tsarin bai ba shi layi ɗaya ba. Abin da muka yi shi ne, da izinin malamin da ke duba aikina, muka buɗe rataye na daban ga waɗanda suka amince a faɗi sunansu, da unguwa da ranar hira. Game da Alƙur'ani kuwa ya san abinsa: a bugu na 7 ana sa fassarar da ka yi amfani da ita cikin manazarta kamar kowane littafi, a cikin rubutu kuma a ba da sura da aya maimakon lambar shafi.

Ribar tsarin nasa ta fito fili da na ciro babi ɗaya zan aika wa wata mujallar tarihi. Su Chicago suke so, mai bayani a gindin shafi. Na ɗauka sabon aiki ne. Ya sauya layi ɗaya a saman fayil ɗin, ya gyara umarnin ambato, sai ga sunaye da shekaru sun bar cikin rubutu sun sauka ƙasa da lambobinsu, ambato na farko a cike, na biyu a taƙaice. Ya ce mini tun bugu na 17 na 2017 Chicago ta fi son a maimaita gajeren take a kan a rubuta ibid., wato "aikin da aka ambata yanzu", kuma bugu na 18 ya fito a 2024, don haka in tambayi mujallar wanne take bi. Duk da haka ba a rasa gyaran hannu ba. Chicago tana son cikakken sunan marubuci, ni kuwa wasu takardun da harafin farko kawai aka shigar da su, tunda APA ba ta buƙaci fiye da haka ba. Sai da muka koma neman sunayen. Da ya shigar da su a cike tun farko da an huta, kuma na gaya masa.

Akwai abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya je. LaTeX takardar PDF take fitarwa, malamai da yawa kuma sun saba yin gyara a cikin Word, inda ake ganin abin da aka goge da abin da aka ƙara. Nawa malamin ya yarda ya yi gyara da biro a kan takarda, to amma kowane zagaye sai na biya kuɗin bugawa, na hau trotro daga Aboabo na kai. Mai shagon yana ajiye aikin a Overleaf, shafin intanet da ake aikin LaTeX a kai, don in riƙa gani daga gida, sai dai wannan yana son intanet mai ƙarfi, kuma ni ban iya taɓa komai a ciki ba sai ƙananan kalmomi. Wanda malaminsa ya dage sai Word, ya faɗa tun ranar farko. Zotero tana aiki a cikin Word ma, da dubban salo, kuma yana yin hakan ga mai so. A ganina wanda kundinsa ba shi da lissafi ko jadawali masu yawa, hanyar nan ta ishe shi.

Shi kaɗai ne a shagon. Lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundi, ba ya ɗaga waya, saƙon WhatsApp ma sai dare yake amsawa, kuma ranar da ya ce in zo in karɓa ba ta tabbata ba. In aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, don ba shi da janareta. Bencin ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, mace mai goyo za ta sha wuya. Kuɗinsa ya fi na masu bugu na yau da kullum, amma lissafinsa a fili yake: tsara shafuka daban, manazarta kuma bisa yawansu, rabi kafin a fara ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, rabi in an gama. Bai ƙara mini ko pesewa ba a kan abin da muka yi magana, har da gyaran rubutun ajamin da ya ci masa lokaci.

Ba ya rubuta wa kowa kundi, ba ya kuma karɓar madogarar da bai ga asalinta ba. Duk muƙalar da ke da lambar DOI, wato lambar da ake nemo muƙala da ita a intanet, sai ya buɗe ta ya tabbatar take da marubuci sun dace. A gabana ya mayar wa wani saurayi jerinsa, ya ce: "Ɗan'uwa, waɗannan guda huɗun ban same su a ko'ina ba. In manhajar nan mai ba da amsa ce ta ba ka su, ka sani tana ƙirƙiro sunan muƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Je ka nemo waɗanda ka karanta." Saurayin bai ji daɗi ba, ni kuwa na ji, don sunan ɗalibi ne ke kan kundin, shi za a tsayar a gaban malamai ranar kāre shi.

Wanda zai je, ya tafi da takardar ƙa'idojin sashensu, da hoton bangon kowane littafi da shafin da ke ɗauke da shekara da kamfanin ɗab'i, da lambar duk wata takarda da ya karanta a ma'ajiyar tarihi, ko ta fadar Manhyia ta sarkin Asante ce ko ta Legon. Ya je da wuri, kafin watan rububi. In an gama, ya nemi a ba shi fayil ɗin .bib da na LaTeX ɗin duka a filashinsa, ba PDF kaɗai ba. Ni sai da na tambaya ya ba ni, kuma da su nake shirya muƙala ta biyu yanzu.